Shugaba Tun Yana Ɗalibi A Ke Gina Shi

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zaurukan malamai da rumfunan kasuwar Sabon Garin Zariya, wai makarantar boko ta iya yaye mai takarda, amma ba ta iya yaye shugaba ba. Masu wannan zance suna da hujjarsu, gama sun ga yara da yawa waɗanda suka tafi Samaru da ladabi, suka komo da digiri da girman kai, aka ba su ofis suka ci amana. Amma kafin a yanke hukunci ya kamata a dubi labarin ɗalibi guda wanda ya bi ta wannan hanya har ya kai ƙarshenta, watau marigayi Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, don a ga abin da ya gina shi, da kuma abin da ya rage a wuyan iyaye da malamai.

Malamai sun riga kowa sanin cewa girma hawa hawa ne. Yaro ya kan fara yana kolo, ya zama titibiri, sa'an nan gardi. Kafin a kira shi malam, balle alaramma, sai an ba shi ƙananan yara ya biya musu karatu, ya rubuta musu allo, malaminsa yana gefe yana duban yadda ya ke riƙe bulala da yadda ya ke raba abinci. Haka 'yan kasuwa. Ba a danƙa wa yaron shago mabuɗi ranar da ya zo. Sai an aike shi da kuɗi kaɗan an ga ya komo da canji cif, a ƙara masa, a bar shi da rumfa wuni guda, a bar shi mako, kāna a ba shi jari a sallame shi. A nan duka biyu, ana gwada mutum da ƙaramar amana tukuna. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna ɗalibin jami'a da shi.

Samaru ƙauye ne a kan hanyar Funtuwa, wanda Turawa suka kafa wa tashar binciken aikin gona a 1922. A nan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426, bisa ƙoƙarin Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato. Nufinsa a sami 'yan ƙasa waɗanda za su riƙe asibiti da kotu da baitulmali bayan tafiyar Turawa. Shekara goma bayan haka, a 1972, lokacin da Dokta Ishaya Audu ke shugabancin jami'ar, wani saurayi ɗan Katsina mai shekara 21 ya shigo neman ilmin sinadarai da na koyarwa. Ya fito daga kwalejin Keffi da kwalejin Barewa ta Zariya.

Wannan saurayi ɗan gata ne. Mahaifinsa, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, ya yi Ministan Harkokin Ikko a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wansa Shehu hafsan soja ne, wanda a 1976 ya zama na biyu a mulkin ƙasa duka. Irin wannan gata shi ya fi komai saurin lalata ɗalibi, gama wanda ƙofofi ke buɗe masa tun bai ƙwanƙwasa ba, da wuya ya koyi jira. To, ga matakan da ya taka.

Na farko, ya yi karatu har ya ƙare, sa'an nan ya koyar. Ya sami digiri a 1975, aka tura shi aikin bautar ƙasa a wata kwalejin 'yan mata ta Kirista a Ikko. Da ya komo a 1976, shekarar da wansa ya hau wannan babban matsayi, bai nemi kujera a ma'aikata ko kwangila ba. Ya ɗauki alli ya shiga aji a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya. A 1978 ya sāke komawa Samaru neman digiri na biyu a fannin awon sinadarai, watau sanin abin da ke cikin abu da gwargwadonsa, ilmin da a ke gane algus da shi. Ya ci gaba da koyarwa a Katsina har 1983. Shekara takwas ke nan yana tsaye gaban ɗalibai da albashin malami. Wannan ita ce gardantakarsa. Wanda ya saba gyara takardun jarrabawa, ɗan sarki da ɗan talaka kowa da abin da ya ci, ya fara koyon adalci tun ba a ba shi hukunci ba.

Na biyu, ya zauna da waɗanda ba nasa ba. Ɗalibin Samaru ba ya rabuwa da Sabon Gari, gama nan kasuwa ta ke, nan tashar jirgin ƙasa ta ke. Garin ya tashi ne bayan isowar dogo a 1911, ya tara Yarabawa da Ibo da Nufawa da Hausawa, Musulmi da Kirista, kowa yana neman abincinsa kusa da ɗan'uwansa. Nan ne kuma Hajiya Gambo Sawaba ta tashi, ta shiga jam'iyyar NEPU tana yarinya, ta sha ɗauri saboda maganar talakawa. Ɗakunan kwanan jami'a su ma haka su ke, ɗan Borno da ɗan Binuwai da ɗan Ilori a ɗaki guda. Wanda ya yi shekaru a irin wannan wuri da idonsa buɗe, ba ya fita yana tsammanin Nijeriya duka unguwarsu ce.

Na uku, ya koyi saɓa wa manya cikin ladabi. A waɗannan shekaru Samaru ta cika da muhawara a kan mulki da dukiya da haƙƙin talaka, kuma cikin malaman da a ke sauraro akwai Dokta Yusufu Bala Usman, malamin tarihi, shi ma ɗan gidan sarautar Katsina. Da aka buɗe siyasa, aka yi zaɓen 1979, mahaifin Umaru yana cikin manyan jam'iyyar NPN. Shi kuwa ɗan sai ya bi PRP ta Malam Aminu Kano. A al'adar ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka gida bai rabu ba, har daga baya sarautar Matawalle ta uban ta zo kansa. Yabo a nan na mutum biyu ne, ɗan da ya riƙe ra'ayinsa bai zubar da girman mahaifi ba, da uban da bai tsine wa ɗansa don ya ƙi jam'iyyarsa ba. Yaron da ba a taɓa bari ya ce a'a a gidansu ba, ba zai iya ce wa 'yan fada a'a ba ranar da ya hau kujera.

Na huɗu, ya ɗanɗani faɗuwa. Bayan ya bar koyarwa ya riƙe wata babbar gona a Funtuwa daga 1983 zuwa 1989, ya san biyan ma'aikata da lissafin riba da hasara. Ya shiga majalisar tsara tsarin mulki a 1988. A 1991 ya tsaya takarar gwamnan Jihar Katsina a jam'iyyar SDP, Alhaji Sa'idu Barda na NRC ya kayar da shi. Ya koma harkokinsa ya jira. A cikin shekarun jiran nan wansa Shehu ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba na 1997. Sai a 1999 ya ci zaɓe, ya yi gwamna shekara takwas, sa'an nan aka rantsar da shi Shugaban Ƙasa ran 29 ga Mayu, 2007.

Abin da ya yi da ya isa can shi ne ya nuna amfanin matakan nan. Doka ta wajabta wa mai riƙe da mulki ya rubuta dukiyarsa ya miƙa wa hukuma, amma ba ta tilasta masa ya nuna wa jama'a ba. Shi kuwa a watan Yuni na 2007 ya sa aka buga tasa a fili, kimanin Naira miliyan 856, har da bashin da a ke binsa, kamar yadda ya yi tun yana gwamna. Duk ɗan kasuwa ya san nauyin mutum ya buɗe littafinsa ga kowa. A jawabinsa na ranar rantsuwa ya yarda a gaban duniya cewa zaɓen da ya kawo shi yana da aibi, ya kuma naɗa kwamiti a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais don ya duba gyaran zaɓe. A watan Yuni na 2009 ya yi wa masu ɗauke da makamai a yankin mai na Neja Dalta tayin afuwa, dubbai suka ajiye bindigogi, aikin haƙar mai ya farfaɗo.

Gaskiya kuma ba ta cika sai an faɗi ɗaya gefen. Gwamnatinsa ba ta karɓi dukan shawarwarin kwamitin Uwais ba, har da babbar cikinsu, wadda ta nemi a rage ikon Shugaban Ƙasa wajen zaɓo shugaban hukumar zaɓe. Mutane da yawa sun yi kukan jinkirin aiki. Mafi girma, ran 23 ga Nuwamba, 2009, aka tafi da shi asibiti a ƙasar Makka ba tare da an aika wa majalisa takardar miƙa riƙo ga mataimakinsa ba. Ƙasa ta zauna fiye da wata biyu ba a san mai sa hannu ba, har majalisa ta ɗora Dokta Goodluck Jonathan a kan riƙo ran 9 ga Fabrairu, 2010. Allah ya karɓi ransa ran 5 ga Mayu, 2010, aka yi masa sutura a Katsina. Ciwo ba laifi ba ne, ba kuma mai iya kauce masa. Amma a nan akwai darasin da makarantar allo ta daɗe da sani. Malami ba ya tafiya ci-rani sai ya tara almajirai ya nuna musu wanda zai zauna a buzunsa. Koyon miƙa amana yana cikin koyon riƙe ta, kuma wajibi ne a koya wa ɗalibi duka biyu.

Saboda haka maganar da a ke yi a zauruka da rumfuna rabinta gaskiya ce. Digiri shi kaɗai ba ya yin shugaba. Jami'a tana gwada abin da ke kan yaro sau biyu a shekara, amma ba ta da jarrabawar da ke gwada abin da ya ke yi da kuɗin wani. Wannan giɓi ba wanda zai cike shi sai waɗanda yaron ya fito daga hannunsu.

Attajirin da ɗansa ke Samaru, in an yi hutu kada ya bar shi kwance a ɗaki wai shi ɗan boko ne, ya fi ƙarfin awo. Ya zaunar da shi a rumfa, ya ba shi littafin bashi, ya tambaye shi lissafi da yamma kamar kowane yaron shago. In kuwa yaron ya ƙare ya sami aiki, kada uban ya zama na farkon mai tambayarsa yaushe zai gina bene. Da yawa daga cikin waɗanda suka sa hannu a baitulmali, daga gida aka fara tura su, da gori da kwatance da ɗan wane.

Malami kuma kada ya sallama almajirinsa don ya shiga jami'a. Tsakanin Samaru da zaurukan ilmi na birnin Zazzau, irin na Unguwar Juma da Kona, tafiya ce ta ƙasa da sa'a guda a mota. A buɗe wa ɗalibi ƙofa ya zo da littafinsa na fiƙihu, a ba shi yara ya koyar, a saurari tambayoyinsa ko da sun zo da kaifi. In an kore shi don ya yi tambaya, zai kai ta inda za a amsa masa da abin da ba a so. Kuma ranar da ya zama wani abu, ya dawo neman addu'a da jaka a hannu, malamin ya fara tambayar inda kuɗin suka fito.

Su kuma ɗalibai, su san cewa ƙungiyoyinsu na makaranta, ta 'yan gari ɗaya, da ta sashen karatu, da ta masallaci, su ne rumfar gwajinsu. Ma'ajin da ya tara kuɗin ƙungiya ya kasa karanta lissafi a gaban taro, ya riga ya nuna irin kwamishinan da zai zama. Wanda ya faɗi zaɓen ɗalibai ya tara 'yan sanda-da-gora, ya nuna irin ɗan takarar da zai zama. Wanda wa'adinsa ya cika ya miƙa littafi da mabuɗi ga magajinsa da hannunsa, shi ma ya nuna nasa. Hukumar jami'a ta bar su su yi zaɓensu, su yi kuskurensu tun yana ƙarami, ta kuwa tsananta wajen binciken kuɗinsu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Kowace shekara dubban yara suna shiga ƙofar Samaru, kuma lalle a cikinsu akwai waɗanda wata rana za su riƙe wuyan jama'a, su yanke harajin kasuwa, su sa hannu a kan albashin malamai. Irin riƙon da za su yi ya danganta ga irin gwajin da aka yi musu yanzu, tun abin da ke hannunsu bai fi kuɗin cefane ba. Allah ya ji ƙan Matawalle, ya yafe masa kurakuransa, ya shiryi ɗalibai, ya ba iyaye da malamai ikon sauke nauyin da ke kansu. Amin.