An Warke Daji, Zogi Bai Tafi Ba

Sau da yawa matashin da aka yi wa aikin ciwon daji a Yola ko Zariya yakan koma Mubi da ransa, amma zogin jijiyoyin da wuƙa ko magani suka taɓa ya bi shi shekaru. In babu mofin a asibiti, sai ya nufi 'yan tebur ya sayi Tramadol. Jiki kuwa yakan saba da ita, har ƙwaya ɗaya ta daina isa. Nan da nan unguwa ta laƙaba masa sunan ɗan ƙwaya.

Lalle wannan rashin adalci ne. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, hukumar NDLEA kuma tana kame, amma kame bai taɓa kwantar da zogi ba. Wajibi ne hukuma ta tanadi mofin a asibitocin Mubi, tare da likitan da zai auna shi, ya kuma janye shi sannu a hankali.

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun, masu aika kuɗin magani gida, ya kamata su riƙa tambayar takardar likita tukuna. Kuɗin motar zuwa asibiti ya fi kuɗin ƙwaya albarka.