Sassaucin harajin gidaje: ina iyakar ikon ma'aikaci, ina ta alƙali?

Ambaliyar daminar 2024 ta rusa gidaje masu yawa a Maraɗi da Damagaram, har da tsohon masallacin Birnin Damagaram. Ruwa ya wuce, amma takardar lampo ba ta daina zuwa ba. Mai gidan haya da katangarsa ta zube, 'yan haya suka tashi, yana iya neman a rage masa harajin gida da fili. To in an hana shi, wa zai kai wa kuka?

Tsarin harajin Nijar, wanda aka gada daga Faransa, ya raba hanyoyi biyu. Ta farko ta wanda aka yi wa kuskuren lissafi ce, ko aka ɗora masa harajin da doka ba ta aza masa ba. Wannan haƙƙinsa yake nema. Ta biyu ta wanda ya yarda ana bin sa, amma ƙarfinsa bai kai ba. Wannan alfarma yake roƙo, kuma doka ta bar wa ma'aikatar haraji, wato DGI, ta duba ta ce e ko a'a.

A nan gardama take. Wasu na ganin alfarma ba ta da shari'a. Sai dai tun 1950 kotun ƙoli mai shari'ar hukuma a Faransa ta rushe wannan tunani, a ƙarar Madam Lamotte, wadda farafe ya ba wani mutum gonarta. Dokar 1943 ta hana ɗaukaka ƙara kan irin wannan mataki, amma kotun ta ce duk shawarar hukuma ana iya kai ta gaban alƙali.

Ikon alƙalin kuwa yana da iyaka. A tsarin Faransa ba shi ke yafe harajin ba. Abin da yake dubawa shi ne: an bi doka? An dogara da gaskiyar lamarin? An yi kuskuren da ya fito fili? An yi amfani da kujera don wata manufa, kamar cin zarafin abokin hamayya? In ya ga haka sai ya soke shawarar, takarda ta koma teburin ma'aikata.

A Nijar, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomin CNSP sun kafa Kotun Ƙasa, Cour d'État, wadda ta gaji aikin tsohuwar Conseil d'État. Mazauninta na Yamai, nesa da mai gida na Tawa ko Tasawa, ga kuɗin lauya. Shi ya sa da yawa ke gwammace su nemi wanda ya san wani, sassauci ya zama rabon mai uwa a gindin murhu.

Alƙali takarda yake karantawa. Wanda ya yi roƙo da baki, aka hana shi da baki, ba shi da abin nunawa. Wanda ya rubuta, ya haɗa hotunan ɓarna, ya karɓi shaidar ajiya mai kwanan wata, shi ne ke da abin kaiwa kotu.