Wuƙar da Ba a Taɓa Wasawa Ba

Kowace shekara a watan Yuni, dubban mutane kan yi tururuwa zuwa birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka domin halartar Blade Show, bajekolin wuƙaƙe mafi girma a duniya. Tun kafin a buɗe ƙofa layi ya riga ya miƙe. A teburin wasu maƙeran da suka yi suna, kuɗi kaɗai ba ya sayen wuƙa: sai mutum ya jefa sunansa a ƙuri'a, in ta faɗo kansa, sannan a ba shi damar biya. Cikin waɗanda sa'a kan faɗa wa kuwa, akwai waɗanda ba sa barin zauren sai sun sayar da wuƙar ga wani da ƙarin kuɗi, su koma wani teburin su sake jefa suna.

Wanda ya san wuƙa a matsayin kayan yanka albasa da fiɗar rago zai ɗauki wannan a matsayin wautar masu abin hannu. Amma yawancin masu wannan sha'awa ma'aikata ne masu albashi, injiniyoyi da malamai da direbobi, kuma su da kansu sun san halin da suke ciki, har sun raɗa masa sunaye. Wuƙar da aka saya, aka jujjuya ta kwana biyu, aka sake sa ta a kasuwa, suna kiranta da kalmar da suka aro daga masunta masu kama kifi su mayar da shi ruwa. Wadda aka kulle a akwatin ƙarfe ba ta taɓa yanka ko zare ba, suna ce mata sarauniyar akwati. Wadda kuma mutum yake mafarkin samu, yana rantsuwa cewa daga ita ya daina, sun sa mata sunan ƙoƙon nan mai tsarki da jaruman tatsuniyoyin Turai suka ƙare rayuwarsu suna nema. Da wuya a sami wanda ya daina bayan ya same ta.

Tambayar da ta cancanci tsayawa a kai ita ce, me mutum yake saya a irin wannan ciniki? Amsar da hujjoji suka fi goyon baya ita ce, yana sayen daɗin nema ne, wuƙar kuwa ta zama rasit. Kuma daga ranar da ya fara kallonta da idon mai saye na gaba, ta fita daga hannunsa ko da tana cikin aljihunsa.

Yadda kayan aiki ya zama kayan tarawa

Wuƙaƙen da ake rububinsu a yau kusan dukkansu don aiki aka ƙera su. A ƙarshen 1953 wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Bob Loveless ya shiga kantin Abercrombie & Fitch a birnin New York yana neman wuƙar Randall, aka ce masa sai ya jira wata tara. Sai ya samo ƙarfen sifirin na wata tsohuwar mota ƙirar Packard, ya ƙera tasa. Kantin ya ga aikin, ya fara saye daga gare shi a kan dala 14 kowace ɗaya. Kafin rasuwarsa a 2010, wuƙaƙen da ya ƙera wa mafarauta sun zama abin da ake biyan dubban daloli a kansu, kuma kaɗan ne daga cikinsu suke ganin daji. Haka wuƙar Sebenza ta Chris Reeve, maƙerin Afirka ta Kudu da ya koma garin Boise a jihar Idaho: sunanta a harshen Zulu yana nufin aiki, farashinta ya haura dala 400, kuma da yawa daga masu ita suna tsoron kada ko makulli ya ƙarje ta a aljihu.

Kamfanoni sun lura da wannan hali tun da wuri, suka kuma koyi yi masa ban ruwa. A 1970 kamfanin Case da ke garin Bradford a jihar Pennsylvania ya fara buga ɗigo goma a gindin ruwan wuƙaƙensa, yana cire ɗaya kowace shekara. Wuƙa mai ɗigo goma da mai ɗigo tara yankansu ɗaya ne, amma ga mai tarawa sun zama abu biyu, kuma wanda yake da tara daga cikin goma ba zai sami barci ba sai ya cike gurbin. Kamfanin Spyderco na garin Golden a jihar Colorado, wanda ya fito da wuƙarsa ta farko a 1981 da rami a ruwanta don buɗewa da babban yatsa, ya shahara da wata dabarar: yakan ɗauki samfurin da kowa ya sani, ya sauya launin ƙota ko irin ƙarfen, ya fitar da adadi kaɗan sau ɗaya. Waɗanda ake rububi sukan ƙare nan da nan, washegari kuma a gan su a hannun 'yan kasuwa da farashi sama da na kamfani.

Ƙarfen kansa ya zama tsani marar ƙarshe. A 2001 kamfanin Crucible ya fito da S30V, wanda ake yi ta hanyar fesa narkakken ƙarfe ya zama gari, sannan a matse garin cikin zafi mai tsanani, abin da ke sa ƙwayoyinsa su yi ƙanana su bazu daidai. A 2009 aka sami S35VN. A 2021 masanin ƙarafa Larrin Thomas ya fito da MagnaCut, wanda ya haɗa riƙe kaifi da jure karyewa da ƙin tsatsa fiye da yadda aka saba gani a ƙarfe ɗaya. Ci gaban na gaskiya ne, ba talla kawai ba. Sai dai duk lokacin da sabo ya fito, wuƙar da jiya ake kira ƙarshen ƙira takan wayi gari ta zama tsohon yayi, alhali ba abin da ya same ta. Thomas da kansa ya sha nuna cewa kaurin bakin wuƙa da kusurwar da aka wasa shi suna tasiri ƙwarai a kan yanka, har su iya rinjayar bambancin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Wato dutsen washi na 'yan daloli kan iya ba mutum abin da yake nema a sabuwar wuƙa ta ɗaruruwa.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Dabarar kamfani ba za ta yi aiki ba in ba ta tarar da ƙofa a buɗe ba. A shekarun 1990 masanin ƙwaƙwalwa Wolfram Schultz ya auna ƙwayoyin da ke fitar da sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwar birai. Da farko ƙwayoyin kan motsa ne lokacin da ruwan 'ya'yan itace ya sauka a bakin biri. Da birin ya koyi cewa wata alama ce ke gabatar ruwan, sai motsin ya koma kan alamar, ruwan kansa kuwa ya daina tayar da komai. A wani binciken na 2003, shi da abokan aikinsa suka ga cewa motsin jiran yakan fi ƙarfi idan samu da rashi sun yi kunnen doki. Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya ƙara wani haske: ɓerayen da aka rage wa dofamin suna nuna alamar jin daɗi idan an ɗiga musu sukari a baki, amma ba sa tashi su nemi abinci. Son abu da jin daɗinsa hanyoyi biyu ne daban a ƙwaƙwalwa, kuma ɗaya na iya ƙaruwa ba tare da ɗayan ba.

Duk wanda ya sa wannan a gefe ɗaya, ya sa kasuwar wuƙaƙe a ɗaya gefen, zai ga sun dace kamar wuƙa da kubenta. Sanarwar cewa sabon samfuri zai fito ranar kaza, ƙuri'ar da ba a san kan wa za ta faɗa ba, kwanakin bin sawun kunshi a waya har ya iso ƙofa: nan daɗin yake. Da an buɗe kwali, an buɗe wuƙar an rufe sau ɗari, an ɗauki hoto an nuna wa abokai, sai zuciya ta yi sanyi. Mai wuƙar kan fassara wannan sanyi da cewa akwai aibi a jikinta, ƙotar ta yi kauri, ko nauyin ya yi yawa. Sai ya sa ta a kasuwa, ya fara neman wata. Sayarwar ma tana da nata daɗin, domin ita ma jira ce: wa zai taya, nawa zai bayar.

Hujjar masu yi

Masu wannan sha'awa suna da abin cewa, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Na farko, wuƙa aba ce da hoto ba ya bayyanawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ya saya ya sayar da ashirin ya san bambancin makulli da makulli, ya san irin ƙotar da ta dace da tafinsa, kuma abin da ya yi asara tamkar kuɗin haya ne. Na biyu, wannan kasuwa ce ta rayar da sana'ar ƙira a ƙasashen da masana'antu suka kusa binne ta. Kamfanin Randall na birnin Orlando, wanda ya faro tun 1938, har yau da hannu yake ƙira, kuma mai oda kan jira shekaru. Ba mafarauta kaɗai ne suka riƙe irin waɗannan maƙera ba. Na uku, akwai zumunci: mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suna aika wa juna kayan ɗaruruwan daloli bisa amana. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma a cikin abubuwan da mutum zai iya kashe rarar albashinsa a kai, wuƙa ba ta cikin mafi muni.

Duk wannan gaskiya ne, amma hujja ta farko, wadda ita ce ginshiƙi, tana rushe kanta. A kasuwar hannu-da-hannu farashi yana bin yanayin kaya ne: wadda take sabuwa fil da kwalinta da takardunta ita ke riƙe daraja, wadda aka ɗauka a aljihu ta ragu, wadda aka wasa kuwa ta fi raguwa, domin bakin da kamfani ya yi mata ya tafi. Saboda haka mai niyyar sayarwa ba ya yanka abu mai tauri da ita, ba ya kai ta kan dutse, ba ya yar da kwali. To, abin da ya bambanta S30V da MagnaCut ba ya bayyana sai bayan watanni ana aiki, wuƙa ta dakushe, an wasa, ta sake dakushewa. Wanda ya riƙe ashirin bai wasa ko ɗaya ba, abin da ya koya shi ne nauyi da launi da ƙarar buɗewa. Ya biya kuɗin makaranta, amma a bakin ƙofa ya tsaya.

Lissafin kuɗin ma yakan ɓoye kansa. A ɗauki misali: mutum ya sayi wuƙa dala 200, ya sayar 170, ya biya 10 kuɗin aikawa. A ransa bai kashe komai ba, tunda kuɗin tsohuwar ne ya sayi sabuwar. In ya yi haka sau goma a shekara, dala 400 ta tafi ba tare da ya taɓa ganin ta fita gaba ɗaya ba. Labarin wanda ya ci riba a kan wuƙar ƙuri'a shi ake yaɗawa, kamar yadda labarin wanda ya ci caca ke yawo, na waɗanda suka faɗi kuwa ba mai ba da shi. Kalmar jari da wasu ke fakewa da ita, ta dace ne da 'yan tsirarun wuƙaƙe na maƙeran da suka rasu ko suka daina aiki, ba da abin da masana'anta ke iya sake bugawa gobe ba.

Ma'aunin da ya rage

Wannan hali bai tsaya ga wuƙa ba. Mai sauya waya duk wata shida yana barin ledar fuska a kanta don kada farashi ya faɗi, da mai tara agogo ko alƙaluma ko kyamarori, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Wuƙa dai ta fi fallasa shi ne saboda aikinta ɗaya tak ne, kuma ba a yin aikin sai an ci daga jikinta. Kowane washi yana ɗebe ƙarfe kaɗan. Wuƙar tsohon mahauci takan sirance har ta koma kamar tsinke, kuma shi ya san ta fiye da yadda mai sarauniyar akwati zai taɓa sanin tasa: ya san inda take kama ƙashi, ya san sau nawa zai goga ta kafin ta dawo. Opinel ta Faransa, mai ƙotar katako, wadda ake ƙerawa tun 1890 kuma ba ta kai dala 30 ba, tana iya ba mai ita wannan sani. Sebenza ma tana iya ba shi, in ya yarda ta yi abin da sunanta ke nufi.

Ba sai mai sha'awa ya daina saye ba, kuma tara kyawawan abubuwa don kallo ba laifi ba ne, muddin mutum ya kira abin da sunansa, ya kuma san nawa yake kashewa. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya gwada kansa da gwaji mai sauƙi: ya zaɓi wadda ya fi so, ya jefar da kwalinta, ya kai ta kan dutse, ya yi wata shida bai sayi wata ba. Idan sha'awar ta tsira, to wuƙa yake so, kuma zai fito ya san ta. Idan ta mutu a mako na uku, ya gano cewa jiran kunshi ne ya kama shi, kuma gara ya san haka tun albashinsa bai gama zirarewa dala arba'in-arba'in ba.