A Gwada Inji Cikin Kwamfuta Kafin A Dasa Shi

Jama'a, ku da ke neman abinci a masana'antun Ikko, daga Ikeja har Apapa, kun fi kowa sanin halin injin zamani. Yanzu ba mutum ke murɗa shi ba. Wani ɗan akwati ne mai ƙwaƙwalwa ke ba shi umurni, ya ce tashi, tsaya, buɗe, rufe. In an yi kuskure wajen rubuta umurnin nan, to hannun lebura ne ke biyan bashin.

Akwai dabarar da masu ƙera injuna suka daɗe da samowa. Injiniya zai zana masana'antar dukanta cikin kwamfuta, da bel-bel ɗinta da injunanta da ƙofofinta, sa'an nan ya haɗa akwatin na gaske da wannan zane. Akwatin bai san bambanci ba, sai ya yi ta aiki kamar yana kan ƙarfe. Nan za a ga ko ƙofa na rufewa tun kaya ba su wuce ba. Kuskuren da aka kama a nan, gyaransa rubutu ne kawai.

Wanda ya raina gwaji ya dubi Denver ta Amurka. Sun yi wa sabon filin jirgin samansu na'urar raba jakunkuna da kanta. Da aka tashe ta gaban 'yan jarida a 1994, sai ga tufafin da ke cikin jakunkunan warwatse a ƙasa. Filin bai buɗe ba sai Fabrairun 1995, watau latti na wata 16, kuma a 2005 aka yi watsi da na'urar ɗungum. Masu kuɗi ke nan, ina ga mu?

A nan Abuja ake sa hannu kan kwangilolin injunan gwamnati, na ruwan sha da na jirgin ƙasa da na lantarki. Muna da dokar sayen kayan gwamnati tun 2007, ga kuma hukumar NASENI ta injiniyoyi a Idu. A ganina ya kamata a sa sharaɗi: ba a biyan ɗan kwangila sai ya gwada na'urarsa cikin kwamfuta a gaban injiniyoyinmu. Kuma su ce masa, ɗauke wuta mu gani. Maido ta farat ɗaya. Shin bel zai tashi da kansa alhali mutum na kusa? Baturen da ya rubuta umurnin a Jamus bai saba da irin wutarmu ba.

Na sani kwamfuta ba ta shaƙar ƙurar hunturu, ba ta kuma san ɓarawon waya ba. Dole a sake gwaji bayan an dasa. Amma zanen nan ya zauna a hannunmu bayan Bature ya koma gida, domin yaranmu na Zariya da Kaduna su koyi sarrafa injin a kansa, yadda matuƙin jirgin sama ke koyon tuƙi a ƙasa kafin a ba shi fasinja.