Za ka sa waya a gwanjon intanet? Kar ka yi saurin kawo min gyara

Na san wasu abokan sana'ata ba za su ji daɗin wannan maganar ba, tunda da gyara muke cin abinci. Amma kusan kullum sai wani ya zo shago da waya mai tsagaggen sikirin, ya ce a canja masa saboda zai saka ta a gwanjon da ake yi a guruf ɗin WhatsApp ko Facebook. A ganina, yawanci a nan ribarka take mutuwa tun ba a fara tayi ba.

Bari mu yi lissafi. A ce wayarka da tsagar za ta tashi a dubu 90, in an gyara kuma ta kai dubu 115. Sikirin da kuɗin aiki sun ci dubu 30. Ka ga ka biya dubu 5 daga aljihunka don kawai wayar ta yi kyau a hoto. Kuma wanda za a saka maka a wannan kuɗin kwafi ne, masu tayi kuwa sun waye. Daga iPhone 11 zuwa sama, wayar da kanta take nunawa a cikin saiti cewa an canja mata sikirin da wanda ba na asali ba. Mai saye na gani zai rage tayi, ko ya dawo maka da ita bayan ka biya kuɗin mota. Da yawa daga masu tayin ma masu gyara ne irina, mun fi son tsagagge na asali a kan kwafi.

Gyaran da nake goyon baya shi ne ƙarami. A share datti daga wajen caji da sifika, a goge jiki, a cire tsohon gilashin kariya. Sau da yawa wayar da ake cewa ba ta caji, auduga ce kawai ta cushe ramin. Sai ka ɗauki hoto da rana kusa da taga, ka nuna tsagar ƙarara, ka nuna lafiyar batir.

Sannan ka cire akawun ɗinka na Google ko iCloud kafin ka goge wayar. In ka manta, za ta kulle a hannun mai saye, kai ne da jigilar dawo da ita.

Sauran kuɗin da ke zurarewa ƙanana ne, shi ya sa ba a ganinsu: kason mai guruf, cajin POS, data, da kuɗin aikawa a tasha. Ka rubuta su duka a takarda, ka ɗora a kan abin da ka sayi wayar, daga nan ka fara farashi. Masu buɗewa da naira dubu ɗaya don a taru suna kwaikwayon eBay ne, inda miliyoyin mutane ke kallo. Guruf ɗinku mutum ɗari biyu ne, rabinsu ma ba su da data ranar. Ka faɗa tun farko wa zai biya kuɗin mota, kuma ka rufe tayi bayan isha'i, lokacin da mutane suka dawo gida suna danna waya.

Idan kuma wayar ta mutu gaba ɗaya, kar ka sayar da ita a dunƙule. Sikirin daban, kyamara daban, bodi daban. Wannan aikin kam kawo min, zan kwance maka.