Raddi ga Masu Cewa An Kashe Aikin Garkuwa a Final Fantasy XIV

Duk lokacin da kamfanin Square Enix ya sanar da sauye-sauyen da zai yi wa azuzuwan wasan Final Fantasy XIV, tun ba a ga komai a ƙasa ba sai wasu su ɗauko tsohon kukansu: wai an riga an kashe aikin garkuwa, Paladin da Warrior da Dark Knight da Gunbreaker sun zama mutum ɗaya mai riga huɗu, kuma gyaran da ke tafe zai ƙarasa abin da ya rage. Garkuwa dai shi ne ɗan wasan da ke tsayawa gaban dodo ya sha duka domin sauran su tsira. A tawagar mutum takwas akwai garkuwa biyu, masu warkarwa biyu, da masu kai hari huɗu. Hujjojin masu kukan uku ne: an cire wahalar riƙe fushin dodo, an ɗaure kowa da zagayen minti biyu, an kuma rage maɓallai. Ta farkon suka fi jingina da ita, ita ce kuwa mafi rauni.

Suna cewa kafin fitowar sabon babin wasan mai suna Shadowbringers a ranar 2 ga Yulin 2019, sai gwani ke iya riƙe dodo, domin tsayuwar garkuwa, wato Shield Oath da Defiance da Grit, tana jawo fushin dodo amma tana rage ƙarfin dukan mai ita, don haka dole mutum ya san lokacin kunnawa da kashewa. To, mu tambaye su: me gwanayen suke yi a wancan zamani? Suna kunna ta 'yan daƙiƙu a farkon faɗa, su kashe, su koma tsayuwar duka ta Sword Oath ko Deliverance, su ƙare faɗan ba su sake waiwayarta ba. Wa ke riƙe musu dodon? Ninja ne da Shadewalker, masu kai hari da Diversion, da garkuwa na biyu da zai danna Provoke ya biyo da Shirk ya juye wa abokinsa fushin. Butcher's Block da Power Slash da Rage of Halone, waɗanda aka ƙera musamman domin jawo dodo, duk wanda ya yawaita danna su ana ganinsa a matsayin mai yi wa tawaga asara. Ashe gwanintar da ake yi wa makoki gwanintar kauce wa kayan aikin garkuwa ce. Wace irin fasaha ce wadda mafi kyawun amfani da ita shi ne kada a taɓa ta? Sabon ɗan wasa kuwa, da ya bar tsayuwar a kunne kamar yadda wasan da kansa ya koya masa, shi ke shan faɗa. Za su ce ai lura da ma'aunin fushi ma hankali ne. Hankali ne, amma amsarsa ta fi dogara da wanda ke cikin tawaga fiye da hannun garkuwan: in akwai Ninja an huta, in babu a biya da ƙarfin duka. Wannan sa'ar abokan tafiya ce, kuma abin takaici ne a ga mutanen da suka san wasan suna kiranta ƙwarewa.

Babban kuskurensu shi ne sun bar jaki suna dukan taiki. Idan suka ce zagayen garkuwa, jerin dukan da ake dannawa duk daƙiƙa biyu da rabi kawai suke nufi. Garkuwa na da zagaye na biyu, na kariya, wanda shi ke raba mai rai da gawa, kuma nan ne sauye-sauyen azuzuwa suka fi cizo. Rampart na rage duka da kashi 20 cikin ɗari na tsawon daƙiƙa 20, sai an jira daƙiƙa 90 kafin ya dawo. Fasahar hana mutuwa kowane aji da tasa: Holmgang na Warrior na dawowa bayan daƙiƙa 240, Living Dead na Dark Knight 300, Superbolide na Gunbreaker 360, Hallowed Ground na Paladin 420. A faɗan minti goma, Warrior na iya samun tasa har sau uku, Paladin ba zai wuce biyu ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sauya wanda zai karɓi kowane babban duka da lokacin da garkuwa biyu za su yi musaya. Dubi The Blackest Night na Dark Knight: yana cin MP 3000, ya ba da shinge na kashi 25 cikin ɗari na jinin mai shi, na daƙiƙa bakwai kacal. In duka ya fasa shingen, sai a mayar maka da kuɗinka ta hanyar hari kyauta. In bai fashe ba, ka tafka asara. Wanda bai haddace lokacin da dodo ke ɗaga hannu ba, ba zai taɓa cin ribar wannan maɓalli ba. Babin Endwalker a Disamban 2021 ya kawo Holy Sheltron da Bloodwhetting da Heart of Corundum masu ƙarin kariya ta musamman a daƙiƙa huɗun farko, wato lada ga mai danna su daidai kan gaɓa. Babin Dawntrail a Yulin 2024 ya ɗaga manyan kariyoyi daga kashi 30 zuwa 40, ya tsawaita Reprisal daga daƙiƙa 10 zuwa 15, abin da ke ba shi damar rufe duka biyu da a da sai dai ya rufe ɗaya. Wannan ne aikin da aka kashe?

Hujjarsu ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, ba zan hana su ita ba. Gyara na 6.3 a Janairun 2023 ya rushe tsohon salon Paladin, wanda ke tafiya tsakanin zangon takobi ƙarƙashin Fight or Flight da zangon sihiri ƙarƙashin Requiescat. An mayar da Goring Blade duka ɗaya a minti, an cire masa raunin da ke ci a hankali, duk domin Paladin ya tara ƙarfinsa a daƙiƙun da tawaga ke ƙara wa juna ƙarfi duk minti biyu. An yi asarar wani ɗanɗano, kuma ya dace daraktan wasan Naoki Yoshida da mutanensa su ji wannan ƙorafi. Sai dai ciwon na dukan azuzuwa ne, har masu warkarwa da masu kai hari, ba shaidar mutuwar garkuwa ba ce. Kuma gyaran nan shi ya dawo wa Paladin da kariyar Bulwark, maganar da ba ka jinta a bakinsu.

Ta ukun ba ta cancanci dogon bayani ba. An cire Plunge da Rough Divide, maɓallan da Dark Knight da Gunbreaker ke tsalle zuwa ga dodo da su, an kawo Shadowstride da Trajectory waɗanda ba su da duka. A da ana ƙone su ne domin ƙara lamba, sai dodo ya wurgar da kai ka rasa abin komawa. Yanzu suna nan lokacin da ake bukatarsu. Paladin da Warrior kuwa har yau nasu na da duka, wanda ya ƙara ƙaryata batun mutum ɗaya mai riga huɗu.

Mai karatu, idan sanarwar gyara na gaba ta fito, kafin ka ƙirga maɓallan duka da aka cire, fara duba tsawon kowace kariya da lokacin dawowarta, ka ɗora su kan jadawalin faɗan da kake yi, sannan ka zauna da abokin garkuwarka ku sake raba dukan.