Giya da hanta: wa ke biyan kuɗin araha?

Kullum aka ta da zancen giya, sai masu sana'arta su wanke hannuwansu, su ce mai sha shi ya ga dama. Wannan magana yaudara ce, tarihin ƙasashen da suka fi mu shan giya kuwa ya ƙaryata ta.

A Faransa, lokacin yaƙin duniya na biyu, an ƙayyade giyar inabi a birnin Paris, ba ta samuwa sai da kati. Mutuwa sanadiyyar ƙandarewar hanta ta ragu da fiye da rabi. Da aka janye ƙayyadewar, mutuwa ta koma gidan jiya. Halin mutane bai sāke ba a tsakani, yawan giyar da hannu ke iya kaiwa gare ta ne ya sāke. A kan wannan dangantaka masanin ƙidaya Sully Ledermann ya gina littafinsa na 1956.

A 2004 ƙasar Finlan ta rage harajin giya da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mace-mace suka ƙaru, mafi yawa a cikin marasa aikin yi. Sikotlan ta bi wata hanya: a 2018 ta yanka farashin da ba a sayar da giya ƙasa da shi. Binciken da ya fito a 2023 ya nuna mutuwar da giya ke jawowa kai tsaye ta ragu da kusan kashi 13 cikin 100, ragin ya fi yawa a unguwannin talakawa.

Ashe araha ba gata ba ce ga talaka. Mai hali yana da abinci da likita, shi kuwa talaka ciwo na cin hantarsa a ɓoye har ciki ya kumbura.

A Afirka ta Yamma haɗarin ninki biyu ne, domin ciwon hanta nau'in B ya yawaita, giya kuma kan hanzarta lalacewar hantar mai ɗauke da shi. Kodebuwa ta hana giyar leda tun 2016, saboda arahar da ke kai ta hannun yara.

Malamai da shugabannin ƙungiyoyi, wa'azi da nasiha suna da gurbinsu, amma ba su isa ba. Mu nemi hukuma ta ɗaga haraji, ta nisanta mashaya daga makarantu, ta sauƙaƙa gwajin hanta da allurar rigakafi.